Arthur Clarke, Baturen Da Ya Nuna Wa Tauraron Ɗan Adam Mazauni Aka Biya Shi Fam 15

Duk wanda ya taɓa tsayawa ya ga yadda ake kafa farantin nan na kamo talabijin, wanda jama'a ke ce wa dish, ya san yadda abin yake. Mai kafawa yana bisa soro yana juya farantin sannu a hankali, wani kuma yana cikin ɗaki ya zuba wa akwati ido yana ɗaga murya, har hoto ya fito tar. Daga nan sai a ɗaure noti tam a sauko. Shi ke nan, farantin ba zai sake motsi ba ko da zai shekara goma, sai fa in iska ta ture shi. To, rana tana fitowa tana faɗuwa, haka wata, haka taurari. Mene ne wannan abu da farantin yake kallo wanda ba ya gusawa daga wuri guda dare da rana? A wannan mako za mu ba masu karatu tarihin mutumin da ya fara bayyana wa duniya amfanin wannan wuri, watau marigayi Arthur Charles Clarke, mutumin Ingila.

An haifi Clarke ran 16 ga watan Disamba na shekarar 1917 a Minehead, wani ƙaramin gari na bakin teku a lardin Somerset, yamma da Landan. Shi ne babba cikin 'ya'ya huɗu. Ubansa ma'aikacin gidan waya ne kafin ya tafi Yaƙin Duniya na Farko, da ya komo sai ya kama noma, amma bai sake samun cikakkiyar lafiya ba, ya rasu a 1931 yaron yana da shekara 13. Uwarsa ma ta yi aikin buga tangaraho a gidan waya, ita ce kuma ta ci gaba da riƙon gona da yara. Ka ga ke nan tun a gida ya sha labarin waya da yadda magana ke tafiya nesa.

Yana makarantar sakandare a garin Taunton ya kamu da son wasu mujallu masu araha da ake kawowa daga Amurka, waɗanda ke cike da ƙagaggun labarai na zuwa wata da sauran duniyoyi. Duk ɗan kwabon da ya samu a can yake ƙarewa. Ya kan harhaɗa gilasai da kwali ya yi madubin hangen nesa da hannunsa, in dare ya yi ya fita bayan gida yana zana taswirar fuskar wata. A 1934 ya shiga wata ƙungiya ta masu burin tafiya sararin samaniya, mai suna British Interplanetary Society, wadda aka kafa shekara guda kafin nan. A lokacin mutane ɗaukar 'yan ƙungiyar suke yi kamar masu taɓin hankali.

Da ya gama makaranta babu kuɗin shiga jami'a. Sai ya ci jarrabawar aikin gwamnati, ya tafi Landan a 1936, aka sa shi binciken lissafin fanshon malaman makaranta. Aikin bai dame shi ba, don lissafi a wurinsa kamar shan ruwa ne. Ya kan gama na yini da wuri ya koma kan zancen roka. Abokansa na ƙungiya sun laƙaba masa suna Ego, watau mai ji da kansa, shi kuwa bai taɓa musun sunan ba har ya tsufa.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya canja masa hanya. A 1941 ya shiga rundunar mayaƙan sama ta Ingila, aka koya masa aikin rada, na'urar nan da ke gano jirgin sama daga nesa. Daga baya aka sa shi cikin masu gwada wata sabuwar dabara da wani masani Ba'amurke, Luis Alvarez, ya ƙago, wadda da ita mutum yana ƙasa zai riƙa yi wa matuƙi jagora da baki har ya sauka lafiya ko da hazo ya rufe filin jirgi. A nan ya ƙware kan igiyoyin rediyo masu gajarta ƙwarai, waɗanda ake iya tattarawa a harba su wuri guda kamar hasken tocila. Ana cikin haka, daga watan Satumba na 1944, sai Jamus ta fara jefa wa Landan rokar nan V-2, wadda ke hawa sama nesa ƙwarai kafin ta faɗo. Jama'a na kallonta makamin kisa, haka kuwa take. Clarke ya ga wannan, ya kuma ga wani abu dabam: ga na'urar rediyo a hannunsa, ga kuma abin da wata rana zai iya ɗaukarta ya kai sama.

TAKARDA MAI SHAFI HUƊU

Sai mai karatu ya san matsalar da ake ciki a wancan zamani kafin ya gane girman abin da ya biyo baya. Igiyar da ke ɗauke da hoton talabijin miƙe take tafiya kamar haske, duniya kuwa ƙwallo ce. Saboda haka komai tsawon ƙarfen tasha, in an yi tafiyar mil hamsin ko abin da ya ɗara kaɗan, sai doron ƙasa ya tare. Wanda ke son ya game ƙasa guda da talabijin sai ya jera tashoshi ɗaya bayan ɗaya, kowace tana miƙa wa ta gaba. A kan tudu wannan mai yiwuwa ne in akwai kuɗi, amma wa zai kafa ƙarfe a tsakiyar teku? Rediyo mai gajeren zango yana ƙetare teku, gaskiya ne, sai dai duk mai saurarensa ya san halinsa: yanzu murya ta fito, an jima ta nutse cikin shuuu.

A watan Fabrairu na 1945 Clarke ya aika da gajeruwar wasiƙa ga wata mujallar masu sana'ar rediyo mai suna Wireless World, ya ɗan taɓo maganar. A watan Mayu ya buga cikakken bayani da tafireta ya rarraba wa 'yan ƙungiyarsu. Sa'an nan a watan Oktoba mujallar ta buga takardarsa mai shafi huɗu, aka biya shi fam 15.

Ga abin da takardar ta ƙunsa a taƙaice. Duk abin da ke kewaya duniya, gwargwadon nisansa gwargwadon daɗewarsa kafin ya gama zagaye ɗaya. Wanda ke kusa, ɗan sama da iska kaɗan, cikin sa'a ɗaya da rabi yake gamawa. Wata kuwa, da yake can nesa, sai ya yi kwana 27 da 'yan kai. Ashe ke nan tsakanin waɗannan biyu akwai wani nisa inda zagaye ɗaya zai zo daidai da yini guda cur. Lissafi ya nuna wurin yana wajen kilomita 35,800 daga ƙasa, watau mil 22,000 da ɗoriya. In aka aje tauraron ɗan Adam a wannan nisa, daidai saman layin Ikwaita da ya raba duniya biyu, yana tafiya gabas kamar yadda duniya ke juyawa, to shi da duniya za su riƙa tafiya tare, kamar yadda bakin taya da cibiyarta ke gama juyi lokaci ɗaya. Gudu yake yi na fitar hankali, fiye da kilomita 11,000 a sa'a, amma wanda ke ƙasa zai gan shi tsaye cik kamar an kafa shi da ƙusa. Abin da farantin kan soro yake kallo ke nan.

Daga wannan tsawo, tasha ɗaya tana hangen abin da ya fi sulusin duniya. Don haka Clarke ya ce guda uku sun isa, in an raba su daidai: ɗaya a saman Afirka don ta yi wa Afirka da Turai aiki, ɗaya a wajen gabashin Asiya, ɗaya a saman ƙasashen Amurka. Kowace tana ganin 'yan'uwanta biyu, sai su riƙa miƙa wa juna magana da hoto. In ka ɗebe can ƙuryar arewa da ƙuryar kudu masu ƙanƙara, babu inda saƙo ba zai kai ba.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya, don a kan zuzuta abin fiye da kima. Ba Clarke ne ya fara gano wannan nisa ba. Wani malamin makaranta na Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, ya yi zancensa tun da daɗewa, haka kuma wani hafsan soja ɗan Sulobeniya, Herman Potocnik, ya rubuta shi cikin littafinsa a ƙarshen shekarun 1920. Abin da Clarke ya ƙara shi ne ya nuna dalla-dalla cewa wurin nan tashar rediyo da talabijin ce ta duniya baki ɗaya, ya yi lissafin ƙarfin wutar da za a bukata, ya kuma nuna ɗan ƙaramin faranti ya isa a kama saƙon a gida.

Ya kuma yi kuskure biyu, dukansu masu daɗin ji. Na farko, ya zaci sai an zuba mutane a cikin tashoshin suna kwana suna tashi, domin rediyon wancan zamani da ƙwayayen bawul yake aiki, su kuwa ƙonewa suke yi kamar ƙwan lantarki, dole a sami mai canjawa. Bai san cewa bayan shekara biyu kacal, a 1947, za a ƙago taransista a Amurka ba, wadda ba ta cin wuta ba ta kuma saurin mutuwa. Na biyu, ya ɗauka abin zai kai shekara hamsin kafin ya tabbata. Ko ashirin bai cika ba.

Lokacin da takardar ta fito ba wanda ya kula da ita. Shi ma bai zauna jiran a kula ba. Ya bar soja a 1946, ya shiga King's College ta Landan da taimakon da gwamnati ke bai wa tsofaffin sojoji, ya fito a 1948 da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi da kimiyyar fiziks. Ya ɗan yi aikin edita, sa'an nan ya koma rubutu ɗungurungum. Littafinsa na 1951 a kan binciken sararin samaniya ya yi kasuwa ƙwarai a Amurka, ƙagaggun labaransa kuma suka sa sunansa ya zaga duniya. Ya yi aure a 1953, amma zaman bai wuce wata shida ba, bai kuma sake yi ba.

Wani abin mamaki, mutumin da hankalinsa ke sama sai ga shi ya kamu da son ƙarƙashin teku. Dalilinsa shi ne a cikin ruwa ne kaɗai mutum zai ji jikinsa ba nauyi kamar yadda ɗan sama jannati ke ji. Son nutso ya kai shi tsibirin Silon, wanda yanzu ake kira Siri Lanka, a 1956, ya kuwa zauna ke nan har ƙarshen ransa. Shi da abokinsa Mike Wilson sun gano kangon wani tsohon ɗakin ibada a ƙarƙashin ruwa a Trincomalee, daga baya kuma suka yi aiki a kan wani jirgin ruwa da ya nutse da lodin kuɗin azurfa na zamanin Sarki Aurangzeb na Indiya. A 1962 ciwon shan inna ya kama shi, ya warke amma ƙarfinsa bai komo kamar dā ba.

WAYA DAGA WASHINGTON ZUWA IKKO

Yana can yana nutso duniya ta kama hanyar da ya nuna. Rasha ta harba Sputnik ran 4 ga Oktoba 1957. A Amurka wani injiniya na kamfanin waya, John Pierce, wanda ya yi nasa tunanin ba tare da ya ga takardar Clarke ba, ya jagoranci aikin da ya haifi Telstar a 1962. Telstar ya ƙetarar da hoton talabijin tsakanin Amurka da Turai, amma da yake ƙasa-ƙasa yake tafiya, minti ashirin kawai ake samu a kowane zagaye sai ya ɓace, ana bin sa da wasu manya-manyan eriya masu juyawa.

Wanda ya nace sai an hau can inda Clarke ya nuna shi ne Harold Rosen na kamfanin Hughes, shi da abokan aikinsa biyu. Manya da yawa sun ce ba zai yiwu ba, rokokin lokacin ba za su iya kai kaya mai nauyi can ba. Sai Rosen ya ƙera ɗan ƙaramin abu mai siffar ganga, wanda ke juyawa kamar katantanwa don kada ya karkace. Na farko, Syncom 1, ya yi shiru tun bai fara aiki ba a Fabrairun 1963. Na biyu ya hau lafiya a watan Yuli.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙasarmu. Amurka ta girke wani jirgin ruwa mai suna Kingsport a tashar jiragen ruwa ta Ikko, ɗauke da babbar eriya, don ya zama tashar ƙasa ta wannan gwaji. Ran 23 ga Agusta 1963 Shugaba Kennedy yana Washington ya yi magana da Firayim Minista Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta cikin Syncom 2. Wannan ne karo na farko da shugabannin ƙasashe biyu suka yi waya ta tauraron ɗan Adam. Sun gaisa, sun taɓo yarjejeniyar hana gwajin makaman nukiliya da aka sa wa hannu a watan, har da damben da Dick Tiger ya ci Ba'amurke Gene Fullmer a Ibadan mako biyu kafin nan.

Syncom 2 bai tsaya cik ba, don hanyarsa a karkace take, yana ɗan lilo arewa da kudu. Syncom 3 na 1964 shi ne na farko da ya zauna daidai saman Ikwaita, shi ya kai wa Amurka hotunan wasannin Olamfik na Tokyo. Daga nan sai 'yan kasuwa suka shigo. Ran 6 ga Afrilu 1965 aka harba Early Bird domin ƙungiyar Intelsat, tauraro na farko da aka aje a wannan wuri don neman kuɗi. Nauyinsa bai kai kilo 40 ba, bai kai rabin buhun masara ba ke nan, amma yana ɗaukar layin tarho 240 ko tashar talabijin ɗaya. A gwada da wayar tarho ta farko da aka shimfiɗa a ƙarƙashin tekun Atlantika a 1956, wadda ta fara da layi 36. Kafin tsakiyar 1969 Intelsat ta sami taurari a saman manyan tekuna uku, kusan yadda Clarke ya zana, ta nan ne kuma ɗaruruwan miliyoyin mutane suka kalli saukar Neil Armstrong a kan wata. A ranar Clarke yana zaune a ɗakin watsa labarai na CBS a Amurka yana yi wa masu kallo sharhi. Nijeriya ta buɗe tata tashar ƙasa a Lanlate a 1971.

To, me ya samu cikin duk wannan dukiya? Fam 15 ɗin nan. Bai yi wa dabarar rajistar mallaka ba. Ya ce wani lauya ya gaya masa ba a yi wa abin da ba a iya ƙerawa ba rajista, kuma ko da an yi, wa'adinta zai ƙare daidai lokacin da kuɗi suka fara shigowa. Ya mai da abin wasa, har ya rubuta wata maƙala yana yi wa kansa dariya kan yadda ya yi asarar dala biliyan a lokacin hutunsa. In an kira shi uban tauraron sadarwa ya kan ture, ya ce Pierce da Rosen su ne iyaye, shi iyakarsa uban goyo. A ganinmu wannan rabo ya yi daidai, kuma abin a yaba ne daga bakin mutumin da ya keɓe ɗaki guda a gidansa don jera lambobin yabo da hotunansa da manyan mutane. Wanda ya nuna inda za a haƙa rijiya ya yi aiki, amma bai shiga rami ba. Duk da haka har yau masu wannan sana'a suna kiran wannan da'ira ta saman Ikwaita da sunan Clarke.

Kuɗinsa ta alƙalami suka zo, musamman bayan fim ɗin nan 2001: A Space Odyssey da suka tsara shi da Stanley Kubrick, wanda ya fito a 1968. Amma abin da ya fi faranta masa rai game da taurarin shi ne amfaninsu ga ƙasashe matalauta, waɗanda ba su da halin jera ƙarafa da wayoyi zuwa kowane ƙauye. A 1975 Indiya ta ari wani tauraron Amurka mai suna ATS-6, ta shekara guda tana watsa darussan noma da kiwon lafiya da karatun yara kai tsaye zuwa ƙauyuka wajen 2,400, kowane ƙauye da akwati ɗaya da faranti na ragar waya. Injiniyoyin Indiya suka je Kolombo suka kafa masa irin farantin a gidansa kyauta. A lokacin Siri Lanka ba ta da gidan talabijin ko ɗaya, sai a 1979 aka buɗe, saboda haka gidan Clarke ya zama wurin kallo na manya da yara.

Nisan nan da ya sa tauraron ya tsaya wuri guda yana da nasa haraji. Kafin saƙo ya hau ya sauko sai ya ci kusan rubu'in daƙiƙa. Mai kallon talabijin ba ruwansa da wannan, amma masu waya da ƙasashen waje a dā sun san yadda mutum biyu kan yi ta cin karo da maganar juna, mai intanet kuma yana jin jinkirin a duk abin da ya taɓa. Shi ya sa tun daga ƙarshen shekarun 1980 wayoyin gilashi na ƙarƙashin teku suka ƙwace yawancin zirga-zirgar tarho da ta intanet tsakanin nahiyoyi, daga baya kuma aka koma zuba dubban ƙananan taurari a kusa da ƙasa, irin na Starlink da ya fara aiki a Nijeriya a 2023. Clarke bai yi kishi da waya ba, don ya rubuta littafi sukutum a kan tarihin wayoyin ƙarƙashin teku tun 1958. Inda da'irarsa ta riƙe gari shi ne watsa talabijin ga miliyoyin gidaje lokaci ɗaya, da kai intanet daji da hamada da jiragen ruwa inda waya ba ta isa ba. Ɗaruruwan taurari ne ke jere a cikinta, kowane da gurbinsa, Hukumar Sadarwa ta Duniya da ke Janeba ce ke rajistar guraben don kada saƙon wani ya shiga na wani. Cikinsu har da na Nijeriya: an harba na farko daga ƙasar Sin a 2007, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa a Disambar 2011.

Tsufansa a keken guragu ya yi shi, don ciwon shan innan nan ya komo masa a 1988. Ya riƙe muƙamin Uban Jami'ar Moratuwa daga 1979 zuwa 2002. Ingila ta ba shi lambar Sir a 1998, amma aka jinkirta bikin saboda wani mummunan zargi da wata jaridar Landan ta yi masa. 'Yan sandan Siri Lanka suka bincika ba su sami hujja ba, aka naɗa masa lambar a Kolombo a shekara ta 2000. Ambaliyar teku ta Disambar 2004 ta share makarantarsa ta koyar da nutso da ke Hikkaduwa, shi kuwa yana gida a Kolombo bai sami ko ƙwarzane ba. A shekarar da ta biyo Siri Lanka ta ba shi lambarta mafi girma ta farar hula.

Ya rasu ran 19 ga watan Maris 2008 yana da shekara 90, bai bar ɗa ba. An binne shi bayan kwana uku a babbar maƙabartar Kolombo, ba tare da wani bikin addini ba, kamar yadda ya bar wasiyya a rubuce.